Gicciyen Kabar Innarki

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina lafiyarki, da maigidanki, da yara? Yaya zaman Kotonu? Mu nan Dogon Dutsi muna lallaɓawa.

Gicciyen kabar da marigayiya innarki ta saƙa Lahadin Dabino na bara, wanda kika ce in aje miki, babu shi. Kafin Larabar Toka katekis, malamin cocinmu, ya zo tattara kabar bara don a ƙona a yi tokar da ake shafa wa mutane a goshi. Na ce masa wannan shi ne aikin hannunta na ƙarshe. Ya ce, “Haba Baba, ai kai ka koya muna ka'idar.” Kunya ta sa na miƙa masa.

Shekaru na yi ina fassara wa jama'a cewa ƙura muke, ga ƙura za mu koma, har ana yaba Faransancina. Ran nan da aka shafa mini tokar a goshi, duk ilimin bai tsinana mini komai ba. Ban wanke fuskata ba sai da tokar ta kaɗe da kanta.

Ki yi haƙuri, ki sa ni a addu'a Ista ta iske ni da sanyin zuciya. Ki gaida jikokina.

Babanki