Yatsun Ƙafar Mama Doris

Daren Asabar, Hyattsville, Amurka

Yau na raka Mama Doris, tsohuwar da nake jinyarta, kallon ƙungiyar rawar bale, wato rawar tsinin ƙafa, da ita da ƙawayenta suka kafa tun suna 'yan mata. Ta ce a lokacin babu takalmin rawa mai launin fatarmu, sai dai su shafa masa hoda.

Ana ɗaga labule na saki baki. Yarinya baƙa kamar ni ta tsaya a kan tsinin yatsunta, tana juyi kamar ba ta da nauyi! Na waiwaya, ga Mama a kekenta na marasa lafiya, hannayenta na bin kowane taku.

Ta raɗa mini, “Rifkatu, wannan juyin ni na ƙirƙiro shi.”

Kullum ina wanke karkatattun yatsun ƙafarta ina jin tausayinta. Ashe ban san abin da nake riƙewa ba.