Karen da Akuya Ta Shayar

Gwaggo Saudatu, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle, ban ma san ta inda zan fara ba.

Mu mutanen Haɗeja ne, ta Sudan muka zo. Mun daɗe a wata mazra'a nan Al-Awali, a garin Manzon Allah, gonar wani dattijon Balarabe ce, mu noma a raba amfani. Akwai dabino da na'ana'a da barsim, ciyawar dabbobi, ga kaji, ga awaki da tumakinmu na kanmu. Ni ke tatsa in kai laban, wato nono, unguwar Ƙuba in sayar, Malam mijina kuma shi ke fita kiwo bayan katanga, wajen baƙaƙen duwatsun nan.

Muna da kare, Barsu. Yadda muka gada a gida, tun idonsa bai buɗe ba muka sa shi a nonon akuya, ya tashi yana ganin awaki 'yan uwansa ne. Ba ya shiga ɗaki, cikin garke yake kwana, kuma tun da ya girma dila bai ƙara ɗauke mana ɗan akuya ba.

To, ɗana na fari, wanda ba na faɗar sunansa, yana karatu a Jami'a. Ran wata Juma'a ya zo da abokansa 'yan ƙasa, suka iske ni durƙushe na riƙe akuya, sabon kwikwiyo na tsotso, don Barsu ya fara tsufa. Wayyo Allah! Na kawo musu laban, ko kallonsa ba su yi ba. Kafin ki ce me magana ta kai Ƙuba, matan da ke saye wurina suka ce nonon da nake sayarwa najasa ne. Ni da nake wanke ƙwarya har hannuna ya yi fari! Yaron nan ya tsaya yana zuba mini Larabci, wai na zubar masa da mutunci, ya rantse ba zai ƙara cin abincin gidan nan ba sai karnuka sun bar gonar. Jiya na aika masa dambu, aka dawo mini da kwanon a rufe. Wallahi na yi kuka.

Abin da bai sani ba, Gwaggo, idon ubansa ya tafi. Yanar ido ce ta rufe shi, inuwa kawai yake gani. Ƙararrawa na ɗaura wa Barsu a wuya, ita Malam ke bi ya fita, ita yake bi ya dawo. Ya hana ni faɗa wa kowa. Ya ce uba ba ya buɗe cikinsa ga ɗan fari, kuma in mai gona ya ji, wani zai kawo. In yaron ya zo, Malam na zaune kan tabarma da carbi, su gaisa kowa kansa a sunkuye, shi ke nan. Ta yaya zai gane?

In na kori kare na datse wa mijina ƙafa. In na bar shi na rasa ɗana. Ina zan sa kaina?

Mai awaki, Al-Awali

Mai awaki, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Share hawayenki ki saurare ni.

Ba ki yi saɓo ba. Shari'a ta yarda da karen kiwo da na gadin gona, kuma malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki kare najasa ba. Amma mutanen garin nan da yawa kan wata fahimta suka tashi, su ma da malamansu, kuma cikinsu ɗanki yake zaune. Kunyar da ya ji gaban abokansa ta gaske ce, kada ki raina ta. Inda ya yi kuskure shi ne mayar da kwanon uwa.

Ki ware akuyar da ke shayar da kwikwiyon, ki ɗaura mata jan ƙyalle, nononta kada ya ƙara shiga ƙwaryar sayarwa. Karnuka su sami kaskonsu daban, nesa da inda kike tatsa. Ki gayyato mace guda cikin masu sayen nan, wadda ake jin maganarta, ta gani da idonta. Rantsuwar yaron kuwa tana da kaffara, ya fi mu sanin babin.

Babbar matsalar gidanki shirun nan ne. Ki zauna da Malam ki lallashe shi. Yanar ido ana cire ta a asibiti, to sai a bar kunya ta hana magani? A'a. Yana buƙatar mai kai shi, kuma ɗansa ne ya fi cancanta. In ya warke, tsoron mai gona ya ƙare. Ki ce masa kunyar ɗan fari ado ce, amma ba a kai ta bakin rijiya.

In bakinsa ya kasa, kada ki karya masa magana. Ki aika wa yaron cewa kin amince a raba ku da Barsu, da sharaɗi guda: ya zo da safe ya ɗaure karen da hannunsa, sannan ya raka ubansa kiwo. Ba za su kai ƙofar katanga ba zai gane abin da ƙararrawar nan take yi wa gidanku.

Allah ya buɗe idon Malam, ya dawo miki da ɗanki bakin kwano.

Gwaggo Saudatu