Hirar Asabar da Malama

Asabar, 2 ga Maris
Malamar jami'a ta sake zuwa da rakodarta. Digiri na uku take yi a kanmu, masu aikin fasa dutse. Muka zauna bayan rumfar mai shayi na ba ta labarin Yaya, yadda tari ya cinye shi a bakin injin niƙa. Ba ta katse ni ba. Tun da aka binne shi ba wanda ya saurare ni haka, har Inna.

Asabar, 9 ga Maris
Yau na faɗa mata abin da ban faɗa wa kowa ba: jinin da na wanke a rigarsa, da yadda Mai Usur, shugaban aikinmu, ya ce sigari ne. Yaya bai taɓa kai kara bakinsa ba. Ta kashe rakoda. Na ce, "Malama, kunna mana, ai don shi nake yi."

Talata, 12 ga Maris
Matar Yaya ta aiko, takalmin ƙaramin ɗanta ya tsinke.

Asabar, 23 ga Maris
Malama ta zo fuska ba walwala. Wai malaman da ke duba aikinta sun ce hira da 'yan mutane kaɗan labari ne, ba bincike ba. Su lissafi suke so: a raba takardar tambayoyi ga ɗaruruwa, kowa ya ja layi a E ko A'a. Ta ce tana iya dagewa a kan hira, amma to maganata za ta fito a littafi yadda na yi ta.
Na ce ai kin ce za ki ɓoye suna.
"Zan ɓoye. Amma mutum nawa ne a nan wansu ya mutu a bakin inji, su kuma suka gaji wurinsa?"
Ni kaɗai. Ko makaho ya gane.
Ta ce in yi tunani, ba za ta zaɓa mini ba. Da ma ta zaɓa ɗin.

Lahadi, 24 ga Maris
Na gaya wa Inna. Tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba. "Littafin zai dawo da shi? In sun kore ka, marayun nan littafi za su ci?" Yaran na tsakar gida suna faɗa a kan murfin kwalba.

Asabar, 30 ga Maris
Na ce wa Malama ta bi ta lissafin. Ta goge muryata a gabana, da yatsa ɗaya. Ta ba ni haƙuri, ni ma na ba ta. Mai shayi ya ce, "Yau kuma ba zance, ango?" Na yi masa dariya don kar ya ƙara.

Laraba, 3 ga Afrilu
Takardun sun iso. Kamfani bai bar ta ta shiga ba, sai aka danƙa wa Mai Usur ya raba. Ya tsaya a kanmu da biro ɗaya, muna karɓa bi da bi. Tambaya ta bakwai: kana yawan tari? Dogo, abokin aikinmu, yana tari har takardar na rawa a hannunsa, ya ja layi a A'a. Da biron ya zo kaina, Mai Usur ya ce, "Ɗan'uwan marigayi, yi a hankali, kar ka ɓata musu takarda." Na ja nawa layin.
A'a.

Litinin, 15 ga Afrilu
An ɗauki sabon ma'aikaci, matarsa na da tsohon ciki. Aka sa shi kusa da ni. Da hutun rana ya kakkaɓe gashinsa da ya yi fari fat, ya ce, "Yaya, wannan ƙurar ba ta yi wa mutum illa?"
Na ce ya riƙa shan madara, ba komai.
Da sauƙi maganar ta fito.