Kukan Waya a Addu'ar Kawu Idi

Tasawa, daren Laraba

Har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Yau a Korgom ana tsakiyar addu'ar bakwai ta Kawu Idi, liman ya ɗaga hannu, sai wayar Nasiru ta hau kuka. Ɗan da na haifa ya miƙe, ya tsallake ƙafafun dattawa ya fita. Gwaggo Hajo ta dube ni ta ce, "Rabi, ke da kika yi lekwal har kika san boko, tarbiyyar ke nan?"

Da muka dawo na tsare shi. Ya ce, "Inna, IA, wato basirar na'ura, na sa take gadin manyan ordinatocin biro, kwamfutocin wurin aikinmu. Masu manhajar da ke sa ido a kansu da hotuna suka yi bayaninsu, don mutum, ba rubutun da IA za ta karanta ba. Ita ba ta gane wace ƙararrawa ce ta haɗari, wace ce ta banza. Kome ta gani sai ta kira ni."

Na ce yau me ta gani? Wai na'ura ce ta ɗan yi zafi, ta huce da kanta.

Mutanen banza! Ku ƙera abu ku sayar, ku kasa rubuta yadda za a bi da shi. Su suna can suna barcinsu, ni ake nunawa da baki.

Amma ba su suka tsallake dattawa ba. Yanzu yana zaure yana rubuta wa IA ɗin bayanin da kansa. Ya gama ko bai gama ba, da asuba zai koma Korgom ya durƙusa gaban kowane dattijo, wayar kuma tana nan ɗaure a haɓar zanena.