Lakar Reshen Yamma

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ƙafar Baba? Ka sa ido, kada ya sake ɓoye maganin a aljihu.

Kwana tara ke nan ina bin rafi da ƙafa, takalmin roba ya cinye mini dunduniya. Masunta ne suka kai kuka ofishinmu cewa kifi ya ƙare, aka turo ni neman dalili. Duk inda na tsaya sai in jefa raga, in ga abin da ya shigo, in taɓa ƙasan ruwa. Rafin ya rabu biyu. A reshen gabas, inda bishiyoyi suka rufe gaɓa, ruwan sanyi ƙalau, ƙasansa tsakuwa, na samu kifi iri goma sha ɗaya har da kurungu. Reshen yamma kuwa laka ce har gwiwa, sai tarwaɗa kaɗai, ita da ba ta da ƙyama. Gobe zan haura in ga inda lakar ke gangarowa. Ka san gonar wa ke can. Na gaji tun ban je ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba. Da fatan kun tashi lafiya.

Na je. Gonarmu ce. Bishiyoyin gaɓa da Baba ya sa aka sare don ya ƙara kunyoyi, ashe su ke riƙe ƙasar. Ni na riƙe igiyar ja ranar, ina ta dariya. Yanzu kowane ruwan sama sai ya kwashi gonar ya zuba inda kifi ke yin ƙwai. Gurbin da Baba ya koya mini sunayen kifi, yau ruwansa bai kai idon sawu ba.

Shugabana ya ce duk gonar da rahoto ya ambata, za a yanke mata taku talatin daga bakin ruwa a dasa itace. Nan ne kaɗai Baba ke iya nomawa da ƙafar nan. Kwana biyu ina juya biro, zuciyata ba daɗi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa gonarmu a layin farko.

Kada ka faɗa masa, a bakina zai ji. Ina tafe ranar Asabar da dashe arba'in. In ya ƙi kallona, ka zo gaɓa ka riƙe mini igiyar awo.

Taka har kullum,
Auta