Bular Maman Dina

Nasarawa Gwom, Jos
6 ga Maris, 2024

Zuwa ga matata Magadaliya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Dina mai jego da jikarmu. Yaya zafin Kaduna? Ni dai ina nan, ina fama da tuwon da nake tuƙa wa kaina, wanda ko kajinki sun ƙi shi.

Kin tuna kumburin nan na ƙarƙashin kunnena, da kika ce hangum ne, kika yi wata uku kina shafa mini bula? Ban fasa shafawa ba, kamar yadda kika umarta. Wata ranar Lahadi bayan sujada ina mayar da ƙahon busata cikin jaka, sai Dokta Yael ta ƙungiyar mawaƙa ta ce in same ta a asibiti. Sun ɗebi 'yar tsoka daga wurin. Ba zan ɓoye miki ba, Maman Dina, kansa ce, wato ciwon daji, a inda yawu ke fitowa. Likitan tiyata yana zaton mai saurin yaɗuwa ce, sai an cire har da jijiyar fuska. In aka yi haka leɓena zai saki, ni da busa ƙaho kuma sai dai labari. Kin san na yi alkawarin busawa ranar da za a miƙa jikarmu a coci. Wannan ya tsaya mini a rai.

Kada ki taso tukuna. Dina ta fi ni bukatarki.

Mijinki,
Pwajok

20 ga Maris

Maman Dina,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jikin Dina? Wasiƙarki ta iso, na ga inda hawaye ya ɓata rubutun. Kin ce ke kika cuce ni da bula har lokaci ya ƙure. Ki bar wannan maganar. Ni da na miƙa miki kunci, yaro ne?

An ɗaga tiyatar. Dokta Yael, wadda aikinta ke nan duba tsoka a madubin likita, ta ce abin da ta gani bai kwanta mata ba. Akwai wata irin kansa da ba a cika samu ba, ido kaɗai ba ya tabbatar da ita. Da ta ji sana'ata walda ce, sai ta ce in ɗauka ƙwayoyin gado biyu ne da ba ruwansu da juna suka karye, ƙarshen wannan ya manne da na wancan, mahaɗin ya riƙa sa tsoka girma. Na ce mata lallai ba a shagona aka yi wannan aikin ba. Ta aika tsokar Legas a nemo mahaɗin. In an same shi, to ba mai saurin yaɗuwa ba ce, wataƙila a bar mini jijiyata.

Ina jin tsoro, ke kaɗai nake gaya wa. Kullum da yamma nakan busa waƙa ɗaya a tsakar gida, ko da ita ce ta ƙarshe.

Naki,
Pwajok

11 ga Afrilu

Magadaliya tawa,

Ina gaishe ku duka, da fatan jikata tana shan nono sosai. Sakamako ya dawo jiya. An sami mahaɗin. Kansa ce dai, amma mai tafiya a hankali, kuma ba ta kai jijiyar ba tukuna. Likitan tiyata bai yi mini rantsuwa ba, ya dai ce zai bi ta gefenta a hankali. Ran ashirin da uku ga wata za a yi aikin.

Sauran magana taki ce. Na tambayi Dokta Yael abin da ya sa ta tare ni ran nan. Ta ce shekara huɗu tana zama a bayana cikin mawaƙa, ba ta taɓa duban wuyana ba. Ganin dattijo mai furfura da shuɗin kunci kamar ɗan firamare ne ya ba ta dariya, daga nan ta dubi wurin da kyau. Da ba ki shafa ba, da har yau abin yana girma ina ta busa ƙahona.

Yanzu kam ki taho, ina son in farka in gan ki. Ragowar bular tana kan taga inda kika bar ta, na hana kowa wanki da ita.

Mijinki mai kewarki,
Pwajok