Ku binne ni a ƙarƙashin Dutsen Mahara

Ni Yamusa, manomi daga gindin tsaunin Shagbe da ke can bayan Jiwa, ina faɗa, 'yata Lucy tana rubutawa a ɗakinta na Kubwa. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini gardama, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce ciwo ne ke magana. Wasiyyar nan taku ce, Kabir da Silas da Lucy.

Na ɗaya. Ku san inda kuka fito. Ba shan iska ya kai kakanninmu kan tsauni ba, mahara ne suka kore su, masu zuwa a kan dawaki su kama mutane su sayar. Ganuwar da ke sama da hannu aka jera ta, babu laka. Kogon da ke bayanta nan ake ɓoye mata da yara, har yau rufinsa baƙi ƙirin ne da hayaƙi. Ramukan da ke kan falalen dutse kuwa, niƙan dawa ne ya cinye wurin.

A bakin hanyar hawa suka girke manyan duwatsu biyu, kowanne an tokare shi da ƙaramin dutse. Kakata ta ga ranar da aka zare tokarin na farko. Ta ce ya gangaro yana ruri, ya murƙushe dawaki da mahayansu, ƙasusuwa na ƙara kamar ana karya kara, jini ya bi hanyar ruwa har ƙasa. Abin da masu ba da labari ke tsallakewa shi ne, maharan sun riga sun kama yayarta a rafi, sun ɗaure ta sun sa ta a gaba. Da munduwar hannunta aka gane ta. Tun ranar dattawa suka hana a taɓa na biyun. Shi ne Dutsen Mahara. Yana nan a tokare, kuma yanzu hanyar tifofin kamfanin fasa dutse ta ƙarƙashinsa ta bi.

Na biyu. Maganar ƙanenku Philip. Kamfani ya tashi nakiya ba gargaɗi, gutsuren dutse ya same shi a gonar doya ya raba masa kai. Ni na tattara shi a zanen uwarku. Babu wanda ya fi ni jin zafin wannan, kuma ban yafe musu ba. Amma kai Kabir, a bakin kabarinsa ka zaro adda ka sari Silas a kafaɗa don kawai yana tuƙa musu tifa. Jinin wani ɗan nawa ya zuba a kan ƙasar da ba a gama rufe Philip da ita ba. Kai kuma Silas, kada ka ɗauka ka fita fes. Ciwon bai gama warkewa ba ka koma kwasar tsaunin kakanninka kana kai wa masu gini a Abuja. Na san yara gare ka, amma na ji kunya.

Na uku. Gonar tudu ta Kabir ce, ta bakin rafi ta Silas. Da gangan na haɗa ku iyaka, ku riƙa ganin juna ko kuna so ko ba kwa so. Munduwar nan ta yayar kakata tana cikin tukunyar da ke ƙarƙashin gadona a ƙauye, ta Lucy ce, ta riƙa nuna wa jikokina tana ba su labarin har ƙarshensa. Addar kuwa a kai wa maƙeri a Jiwa ya mayar da ita fartanya.

Na huɗu, kuma saboda shi na sa a rubuta duk wannan. Kabir, mata masu yin itace sun gan ka a gindin Dutsen Mahara da sandar ƙarfe, kana gwada tokarin, kana leƙen hanya. Kana ganin za ka rama wa Philip. Masu kamfanin suna zaune a ofis cikin sanyi, ba su taɓa bin hanyar nan ba. Direbobi ke bin ta, kuma tifar ɗan'uwanka ce ke fara wucewa da safe. Ka san haka sarai, shi ya sa tsoro ya fi ciwon nan cin jikina.

Don haka kada ku kai ni makabarta. Ku haƙa mini kabari a gangaren, daidai ƙarƙashin dutsen, tsakaninsa da hanya. Kabir da Silas za su haƙa da hannunsu, ban yarda a ɗauko 'yan ƙwadago ba. Fasto ya yi addu'arsa, limamin Kabir ma idan ya zo a shimfiɗa masa tabarma.

Allah ya yi muku albarka, ya raya muku zuriya, ya sanyaya zukatanku. Lucy, riƙe su ki haɗa su cin tuwo a kwano ɗaya, ko da ba sa magana. Kabir, in har zuciya ta rinjaye ka ka hau da sandar nan, ka leƙa ƙasa kafin ka zare tokarin. Ni dutsen zai fara takewa kafin ya kai ga Silas.